Gogo Maye Ne

Duk unguwar Luggere babu wanda bai san shagon Nwabundo ba, ko da yake kaɗan ne suka san sunanta na yanka. Maman Kenechi ake ce mata. Tun tana amarya mijinta Sylvester ya kawo ta Jimeta daga ƙasar Ibo. Shi yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwa, ita kuma ta buɗe tireda a ƙofar gidan da suke haya. A wannan ƙofar ta koyi Hausa, kuma irin Hausar garin ta koya, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Abin da ya bambanta ta da sauran matan cocinsu shi ne son kalma. In ta ji sabuwa, ba ta yarda ta kwana ba ta gwada ta a kan wani ba. Sylvester ya sha gaya mata cewa harshen mutane ba rigar gwanjo ba ce da za a saka ba a laluba aljihu ba. Ba ta ji.

Gefen shagon nata Haladu mai shayi yake da tebur da benci da wata tsohuwar talabijin da sai an mare ta take kawo hoto. Wata la'asar ana ƙwallo, sai ta ji ya buga tebur har kofuna suka yi ƙara.

"Kai! Yaron nan maye ne! Wallahi maye ne!"

Ta leƙo daga bayan katon ɗin sabulu. "Haladu, mene ne maye?"

"Gwani ke nan, Madam," in ji shi, idonsa na kan talabijin. "Wanda in ya kama abu ba ya saki. Gwanin gwanaye."

Ta maimaita kalmar a ranta, ta ji ta yi mata daɗi a baki, ta adana.

A bayan layinsu gidan Bawa tela yake, kuma a wani ɗan ɗaki na gidan Gogo take zaune. Tsohuwar Bafulatana ce, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana. Ta zo ne shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, lokacin da mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa. Ita rabin hanya a ƙafa ta yi, daga ita sai zanen jikinta. Tana da dangantaka ta nesa da mahaifiyar Bawa, shi ya sa ya ba ta ɗakin. Nwabundo ce ta ara mata kuɗin tanda da shinkafar farko, daga nan Gogo ta fara suyar masa a bakin titi, da miyar taushe wadda ƙamshinta ke tsayar da masu keke Napep. Su biyun suka shaƙu. Gogo na kiran ta "ɓingel am", wato 'yata, ita kuma ba ta karya kumallo da komai sai masar Gogo.

Da Sakinatu matar Bawa ta haihu, Gogo ce ta tsaya mata. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke gasa wa jariri cibiya. Ranar suna kuwa, aka sa wa yaro Haidar, ita ta riƙe tukwane tun asuba. Da yamma mata suka cika tsakar gida, aka fito da abinci. Nwabundo ta ci masa, ta ƙara, ta suɗe yatsu. Ta duba ta ga kowa na ci, babu mai tunawa da wadda ta sha hayaƙi. Abin ya sosa mata rai. Ga Gogo can a gefe, ta samu ta zauna, jariri a cinyarta. Sai Nwabundo ta miƙe ta tafa hannu.

"Jama'a, ku ji! Ina da magana. Yau sai na faɗa gaskiya a gaban kowa." Ta nuna Gogo da yatsa. "Gogo maye ne!"

Cokula suka tsaya.

"Na daɗe ina lura da shi," ta ci gaba, ganin an ba ta kunne. "Duk unguwan nan babu maye kamar Gogo. Ni kaina ya kama ni. Kullum da safe ƙafana ne yake kai ni wurinsa, ba na iya haƙuri. Ko yarana ya kama su. Abin da ya taɓa da hannu, sai an lashe!"

Babu wadda ta yi guɗa. Wata ta ajiye masar da ta gutsura a hankali kamar za ta fashe. Adda Naziha, yayar Sakinatu, wadda ta zo daga Ngurore zaman jego, ta tashi ta tsallake kwanuka ta zare jaririn daga cinyar Gogo. Kamar da gangan, nan take shaƙuwa ta kama yaron. Gogo ta dubi hannuwanta, ta dubi Nwabundo.

Nwabundo ta koma gida tana jin kanta a sama. Ta gaya wa Sylvester da yarensu cewa yau ta yi Hausar da ta sa Hausawa da kansu suka rasa ta cewa. Yana cin tuwo ya ce ta maimaita masa. Da ta maimaita, lomar ta tsaya masa a hannu.

"Maye kika ce? A gidan suna? Tana riƙe da jaririn?"

"Gwani ke nan. Haladu ne ya gaya mini."

"Nwabundo," in ji shi, "amosu kika kira ta."

Amosu ita ce kalmarsu ta mai cin kurwar mutane. Nwabundo ta zauna a kan buhun shinkafa ba tare da ta san ta zauna ba. Ta tuna wata tsohuwa a ƙauyensu da aka taɓa kira da wannan suna, da yadda ta ƙare ita kaɗai a bukka a bakin daji.

Da gari ya waye ta tare Haladu tun bai hura wuta ba. Ya rantse shi ba haka yake nufi ba, ai maganar ƙwallo daban, maganar mutane daban. Ta ce to ya ba ta wata kalmar da za ta wanke ta farko, wadda ake yabon mace da ita. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai in mace ta wuce misali, ko a kyau ko a iya aiki, yakan ji ana cewa aljana ce.

"Ka tabbata?"

"Har a waƙa ana faɗa, Madam."

Ta nufi bohol inda mata ke layi da jarkoki, ta hau kan dakalin famfo.

"Maganan jiya kuskure ne! Gogo ba maye ba ne. Aljana ne nake nufi!"

Wannan gyaran ya fi ɓarnar muni. Kafin azahar unguwa ta rabu. Wasu suka ce mayya dai mutum ce, maita a ciki take kamar ƙwai a cikin kaza, amma aljana ba 'yar Adam ba ce sam, to wace ce a cikin biyun? Wata ta ce ƙila mayya ce mai iskoki, abu biyu a tukunya ɗaya. Wata ta tambaya, wai shin wa ya ga ranar da Gogo ta sauka daga mota? Aka rasa. Sai wata dattijuwa ta rage murya ta ce mutanen Mubi da yawa sun mutu a hanya, kada dai fatalwa ce ta ƙaraso ta kama ɗaki. Aka ce mata fatalwa ba ta suyar masa. Ta ce wa ya sani, zamani ya canja.

Aka tuna idon Gogo ja ne. Babu wanda ya tuna hayaƙin itace. Aka kuma tuna cewa mutanen ɓoye, duk yadda suka rikiɗa, ƙafarsu ba ta rikiɗa, kofato ne da su irin na jaki. Ga shi Gogo ba ta rabuwa da safa, rani da damina, saboda sanyin ƙashi da ta kwaso a tafiyar nan. Daga ranar duk wanda ya gaishe ta, ƙafarta yake gaisarwa.

Nwabundo ta kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ita ba. Daga baya ta ɗauki gwangwanin madara da sabulu ta tafi neman gafara. Ta shirya za ta tarar da tsohuwa cikin hawaye. Sai ta same ta a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana yanka wata tsoka mai kyau.

"Gogo, ka yafe mini. Bakina ne. Gobe zan bi gida gida in gaya musu..."

"Kul," in ji Gogo. "Kada ki ƙara gyara komai, ɓingel am. Gyaranki ya isa haka. Zauna."

Ta ɗaga tsokar. "Kin ga wannan? Tun da na zo garin nan mahaucin can ƙashi da jijiya yake zuba mini. Yau da kansa ya zaɓo, har da gyara. Na je bohol, layi ya buɗe mini kamar matar gwamna. Yaran da ke buga mini ƙwallo cikin tanda sun koma wani layin."

"Ciniki fa?"

"Ciniki ya ƙaru. Masu keke ba su san komai ba, suna ci. Maƙwabta kuma tsoro suke kada su daina saye in ji haushi. Sai su saya su kai lungu su zuba wa awaki. Ki duba awakin unguwar nan, har sheƙi suke yi."

Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce, a hankali, "Ni na gudu daga masu bindiga har ƙafata ta fashe. Na zo nan, 'yar gudun hijira, kowa ya ture ni ya wuce. Yau ni ake gudu. Bar ni in ɗan ji yadda abin yake."

Nwabundo ta yi dariya ita ma, amma ta lura tukunyar ruwan wankan jego tana kife a gefe, a bushe. Ta tambaya ko Gogo ta ga Haidar. Gogo ta ce albasa ta ƙare, ta miƙo mata ɗaya daga kwando.

Daɗin bai daɗe ba. Wata rana da tsakar rana Nwabundo na auna wa wani sukari, ta ji hayaniya daga layin baya. Haidar ne ya kwana da zazzaɓi, ya ƙi nono, yana ta kuka. Da ta isa gidan Bawa ta tarar da ƙofa cike. Adda Naziha ta shimfiɗa zane a bakin ɗakin Gogo, ta kwantar da yaron a kai.

"Ki tsallake shi!" take cewa. "Ki tsallake shi ki sakar masa kurwa, mu ba ma son dogon zance!"

Haka ake yi wa wadda aka kama da maita, in ta tsallake wanda ta kama sai ya warke. Gogo na tsaye a cikin ɗaki, ta riƙe ƙyaure. In ta tsallake, ta amsa laifi da ƙafarta. In ta ƙi, an ce ta ƙi saki. Sakinatu na durƙushe tana kuka, ta kasa duban kowa. Bawa na cewa a yi haƙuri, babu mai jin sa. Daga waje kuma wasu samari sun fara taruwa, biyu da sanduna. Lokacin garin a tsorace yake, baƙo ko jaka ya ajiye a kasuwa sai an watse, kuma taro ba ya buƙatar dogon dalili.

Nwabundo ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tuna abin da bayaninta ke haifarwa, ta rufe. Ta juya da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi a hanya. Ta cafko Haladu ta hannun riga, ludayin shayi na hannunsa, ta ja shi har zauren mai unguwa, Jauro Bappayo.

Jauro tsoho ne mai sanyin tafiya, bai taɓa yin sauri ba ko ruwa ake. Ranar dai ya yi, don Nwabundo ba ta bar shi ya gama neman hularsa ba. Da ya shiga gidan, taron ya buɗe, samarin suka sauke sanduna. Aka kawo masa kujera. Ya zauna, ya ɓare goro, ya dubi jaririn, ya dubi Gogo.

"To. An ce mini an samu mistirijo a unguwata," in ji shi. Haka ake ce wa maye da Fulatanci. "Wa ya gani?"

Adda Naziha ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙawarta ce ta faɗa da bakinta a gaban kowa. Ga ta nan."

Bawa ya matso don ya taimaka. "Ranka ya daɗe, ai maye ta ce, ba mayya ba. Maye kuwa namiji ne, Gogo kuma..."

"Bawa, a garin nan da ake cewa amarya ya iso? Koma ka tsaya." Ya juya ga Nwabundo. "Maman Kenechi, a ina kika samo kalmar?"

Ta tura Haladu gaba. Haladu ya durƙusa, ya rasa inda zai sa ludayi, ya saka shi a aljihu. Ya yi bayanin ƙwallo, ya ce shi gwani yake nufi.

"Bayan ɗan ƙwallon, wa ka taɓa kira maye a unguwar nan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Ƙarya ne!" in ji ɗaya daga cikin masu sandar. "Ni ma ya ce mini mayen indomi."

Aka fara tonawa. Ashe Bawa mayen ɗinki ne. Mai faci mayen barci. Ladanin masallacin layi mayen lasifika. Wata mata daga baya ta ce ta ji da kunnenta ya ce Adda Naziha mayyar waya ce, tun da ta zo daga Ngurore ba ta sauke ta daga kunne ba. Adda Naziha ta ce a'uzubillahi.

"Ni fa?" in ji Jauro.

Haladu ya sunkuyar da kai.

"Faɗi. Ba zan ci ka ba."

"Mayen goro, ranka ya daɗe."

Jauro ya dubi goron da ke hannunsa, ya jefa shi a baki. Dariya ta ɓarke daga bakin ƙofa, masu ƙoƙarin danne ta suka kasa.

"To ashe mu duka ne," in ji shi. "Sai mu yi layi, ni a gaba, ladan a baya, kowa ya tsallake yaron nan har mu tattake shi. Matar nan ta ce maye, kun ce mayya. Ta ce aljana, kun bi tsohuwa kuna leƙen ƙafarta. Gobe in ta ce dodo, sai ku ce a gaban yaranku ta fito daga rijiya. Aljanu gaskiya ne, suna cikin Littafi, amma ban taɓa jin wanda ya gudu daga Mubi don tsoron bindiga ba." Ya miƙa hannu ya taɓa goshin jaririn, fuskarsa ta canja. "Yaron nan wuta ne a jikinsa, kun kwantar da shi a rana. Wa ke masa wanka yanzu?"

Sakinatu ta ɗago. Ta ce tun ranar suna Adda ta hana Gogo taɓa shi, kuma cibiyar ta kumbura. Ba ta jira kowa ya ba ta izini ba, ta sure ɗanta ta rungume. Nwabundo ta fita titi da takalmi ɗaya ta tsayar da keke, suka wuce asibiti ita da Sakinatu da Bawa.

Kamar yadda Haladu ya ba ta labari daga baya, kafin taron ya watse Gogo ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta cire safar nan ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ƙafafu. Yatsu ne irin na kowa, da kaushi, da tabon ƙaya da duwatsun hanya. Ta ce duk mai son gani ya matso. Babu wanda ya matso. Matan suka fita ɗaya ɗaya, kowa na gyara mayafi.

Cibiyar ce ta yi ruwa. Aka yi wa Haidar allurai, aka riƙe shi kwana kaɗan, ya dawo yana tsotson nono kamar zai haɗiye uwar. Adda Naziha ta koma Ngurore tun kafin arba'in, ta ce shuka ta ƙarato. Jauro ya yanke wa Nwabundo hukunci cewa daga yau in za ta yabi wani a taro, ta yi da yarensu, inda ba za a ji ciwo ba. Haladu kuma ya koma ce wa 'yan ƙwallo "ƙwararre", amma ya ce kalmar ba ta da gishiri, ƙwallon ma ta daina yi masa daɗi.

Ba kowa ne ya saki maganar ba. Akwai gidaje biyu da har yau ba sa aiken yaransu sayen masa. Sakinatu ta zo ta durƙusa ta nemi gafara, ita da Bawa. Gogo ta ce ta yafe, ta karɓi yaron ta yi masa wasa, amma ta ce ɗakin nan ya fita daga ranta, duk lokacin da za ta fita sai ta ga zanen nan a bakin ƙofa. Bawa ya yi magiya, ta ƙi.

Nwabundo ce ta kwashe katon-katon daga ɗakin ajiyar da ke bayan shagonta, ta share, ta sa labule. Sylvester ya yi ƙorafin cewa hayaƙin masa zai shiga sabulu, amma shi ne ya ɗauko katifar a kansa. Ranar da Gogo ta tare, Nwabundo ta yi mata girkin garinsu don maraba, sakwara da miyar agushi, ta zuba busasshen kifin nan mai tauri da suke kawowa daga Kudu, wanda sai baƙo mai daraja ake sa wa. Ta zauna tana jiran yabo.

Gogo ta yi bisimilla, ta ci sakwarar, ta ce miya ta yi. Ta ɗauki kifin ta gwada da haƙoran gefe, ta juya ta gwada da ɗaya gefen. Ta fito da shi ta ƙwanƙwasa a bakin kwano, ya yi ƙara kamar katako.

"Ɓingel am," in ji ta, "wannan kifin tun ruwan Annabi Nuhu ya mutu. Ajiye shi, gobe ma hura wuta da shi."